Abin da na tarar a cikin kwamfuta lokacin da babu sabis

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. Lokacin ina kula da kwamfutocin wata makarantar kuɗi a Gusau, kuma a makonnin nan sai mutum ya hau mota ya fita jihar kafin ya iya kiran ɗan'uwansa. A cikin wannan hali ne wani ma'aikacinmu ya goge jadawalin sakamakon jarrabawar ɗalibai bisa kuskure. Bayanan makarantar suna cikin PostgreSQL, wata manhajar adana bayanai, kuma ina da kwafin ajiya na makon da ya gabata, don haka hankalina bai tashi sosai ba. Matsalar ita ce in na mayar da kwafin gaba ɗaya, zan danne duk kuɗin makaranta da aka shigar a cikin kwana shida. Jadawali ɗaya tak nake so in ciro.

Na san umarnin pg_restore ne ke wannan aiki na mayar da kwafin ajiya, amma ban riƙe yadda ake yi a ka ba. Shekaruna huɗu a aikin, kullum in na rasa abu sai in rubuta tambaya a Google, in kwafo amsar da wani ya bayar a Stack Overflow. Ranar nan na ɗauki waya har sau biyu kafin in tuna babu inda za ta kai ni.

Sai na rubuta man pg_restore a kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, domin man shi ne umarnin da ke buɗe shafin jagorar kowane umarni. Maimakon bayani, saƙo ya fito cewa an rage wa wannan tsarin kaya, an cire shafukan jagora, in ina so a dawo da su in yi amfani da umarnin unminimize. Shi kuwa unminimize daga intanet yake saukar da su. Ni ne na zaɓi wannan ƙaramar sigar Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, da hannuna lokacin da nake girka sabar, don in tsimi wuri a faifai, wurin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fid da ni tsohuwar laftof ce da ke cikin kabad ɗin ofis, mai ɗauke da tsarin Debian, wadda na taɓa girka wa PostgreSQL don gwaji. A cikinta shafin ya buɗe. Na danna alamar / na nemi kalmar da nake so, ya kai ni kan zaɓin -t, wanda ke ciro jadawali guda daga cikin kwafin ajiya. A ƙarƙashinsa akwai gargaɗin da ban taɓa gani ba a amsoshin da nake kwafowa: wannan -t ba ya aiki daidai da na pg_dump, umarnin da ke yin kwafin ajiyar, ba ya dawo da abubuwan da ke rataye da jadawalin kamar fihirisarsa, kuma ba ya kula da sauran abubuwan da jadawalin ya dogara a kansu. Can ƙasan shafin kuma ga misalai, har da yadda ake fitar da jerin duk abin da ke cikin kwafin da -l, ka goge layukan da ba ka so, ka mayar da ragowar da -L. Wannan hanyar na bi. Na gwada a laftof sau biyu, sannan na yi a sabar. Kafin la'asar shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malam, yaya ake ciki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sakamakon yara ya dawo, kuɗin ma ba a taɓa su ba."

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Bayan an maido da sabis na ci gaba da tono. Ashe waɗannan shafuka na man sun girme ni nesa ba kusa ba: tun 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta na farko don tsarin kwamfuta na Unix, kuma tsarin da suka ɗora su a kai, wato suna, taƙaitaccen yadda ake kira, bayani, sai abubuwan da suka danganci umarnin, shi ake bi har yau. A ƙa'idar Debian, manhajar da ta zo babu shafin man ana ɗaukar hakan a matsayin aibi da ya kamata a gyara. Akwai kuma jakar /usr/share/doc, da fakitocin da sunansu ke ƙarewa da -doc, irin su python3-doc, waɗanda ke ajiye maka littafin gaba ɗaya a faifanka. Python, yaren rubuta manhaja, yana da help() da pydoc. Git yana da git help. In ba ka ma san sunan umarnin ba, apropos zai lalubo maka shi da kalma ɗaya.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ba maganar rashin sabis ba ce, maganar siga ce. Bayanin da ya zo tare da manhaja na sigar da ke kan kwamfutarka ne, ba na wata ba. A intanet kuwa injin bincike bai san me ka girka ba. Na sha ganin ɗalibai suna kwafo darasin Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, suna rubuta print babu baka, kwamfuta mai Python 3 tana ƙi, su kuma suna zargin kansu da rashin fahimta. Wani yaro har ya ce mini, "Malam, ni dai kaina ba ya ja a wannan abu." Kansa lafiya lau. Takardar da aka ba shi ce ta wata manhaja daban.

Ba zan ce bayanan intanet ba su da amfani ba, don ni ma kullum ina cikinsu. Shafin man yana amsa wa wanda ya riga ya san tambayarsa. Sabon shiga kuwa yana bukatar wanda zai riƙe masa hannu, kuma a nan darussan intanet sun fi. Can ake gyara kuskure cikin awa ɗaya, can kake tarar da mutumin da ya faɗa ramin da ka faɗa. Ƙorafina yana kan masu manhajar da ba sa barin komai a cikin fakitin sai adireshin shafinsu. Ka danna neman taimako, a tura ka burauza. Wanda ya tsara haka yana zaune ne inda intanet yake kamar iska, bai taɓa lissafin ragowar data kafin ya buɗe shafi ba. Kuma ba sai an katse layi da gangan ba: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal a Najeriya da Ghana da Kwaddebuwa. An ba ka 'yancin sarrafa manhaja, ka kwafa, ka raba wa wanda ka so, amma bayanin yadda za ka yi amfani da ita yana hannun wani a wata ƙasa. A ganina wannan rabin 'yanci ne. Kuma babu wahala a gyara: Sphinx, wanda aka ƙirƙiro a 2008 don takardun Python, daga rubutu ɗaya yake fitar da shafin intanet da PDF da shafin man.

Yanzu duk kwamfutar da na girka, sai na sa mata fakitocin bayani kafin in miƙa ta, har da taimakon LibreOffice, manhajar aikin ofis, na cikin faifai, don maɓallin taimako na F1 ya buɗe ko babu data. A jakata akwai filas mai ɗauke da Kiwix da fayilolinsa na ZIM, wanda ke buɗe Wikipedia da makamantanta ba tare da intanet ba. A ajina kuma, makon farko nakan zare wayar intanet daga bango, in ba kowa aiki ɗaya: ya nemo yadda ake kwafar jaka da duk abin da ke cikinta, daga man cp kawai. Sukan yi gunaguni na minti goma. Daga nan sai ka ji wani daga bayan aji ya ce, "Na gani, -r ne," sauran su taso su kewaye allonsa.