Yini guda a Valley of Fire, hamadar jajayen duwatsu ta Nebada

Daga Las Vegas, idan ka kama babbar hanyar I-15 ka nufi arewa maso gabas, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka kafin ka isa Valley of Fire. Shi ne wurin shaƙatawa mafi daɗewa cikin waɗanda gwamnatin jihar Nebada ta Amurka ke kula da su, tun 1935 yake. Ni da wani abokina mun je ne a watan Maris, kuma da gangan muka zaɓi lokacin. Da rani zafin wurin yakan haura digiri 40, wani sa'in ya kusa 49, har hukuma kan rufe wasu hanyoyin ƙafa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba saboda mutanen da zafi ke kayarwa.

Bayan asuba muka tashi. A mahaɗar da ake sauka daga babbar hanya akwai gidan mai na ƙabilar Paiute, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Amurka, a nan muka cika tanki muka ƙaro ruwa, domin cikin dajin ba a sayar da mai, waya ma ba ta cika samun sabis ba. Ƙa'idar da ake ba masu shiga hamada ita ce galan guda ga kowane mutum a yini, wato kusan lita huɗu. Mu mun ɗauki fiye da haka don akwai alwala, kuma babu abin da ya yi saura. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Zinder zai ce ai ya san rana. Gaskiya ne, amma a gida akwai inuwar darbejiya da mai sayar da ruwa a kowace kwana. Nan iska busasshiya ce, gumi na fitowa yake bushewa, sai ka ji kanka ya fara sarawa ba ka san jikinka ya ƙone ba.

Duwatsun kansu tsohon rairayi ne. Tuddan yashi ne da iska ke turawa shekaru kamar miliyan 150 da suka wuce, suka daskare suka zama dutse, tsatsar ƙarfe ta rina su ja. A Fire Wave, inda tafiyar zuwa da dawowa ba ta kai kilomita uku ba, dutsen ya yi zane-zane ja da fari kamar an shimfiɗa saƙi. Kyau kam ba a magana, amma mutane sun yi yawa, kowa na jiran layin ɗaukar hoto, ba mu daɗe ba.

Inda na fi jin daɗi shi ne hanyar Mouse's Tank. Kwazazzabo ne mai yashi, ƙafa na nutsewa, gefe da gefe bangon dutse ne da ya yi baƙin fenti na halitta, kuma a kan wannan baƙin ne mutanen zamanin baya suka sassaƙa zane: tumakin dutse masu lanƙwasasshen ƙaho, mutane riƙe da hannun juna, da alamomin da har yau ba a gama fahimtarsu ba. Wasu zanen sun haura shekara 2,000. A ƙarshen hanyar akwai wani kwarmi a cikin dutse da ke tara ruwan sama ya riƙe shi tsawon watanni. An sa masa sunan Mouse, wani mutumin Paiute da ya ɓuya a wurin cikin shekarun 1890. Da na ga kwarmin sai na gane dalilin da zanen ya taru a wannan kwazazzabo: wanda ya san inda ruwa ke kwana shi ke iya zama a ƙasar nan. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ganin inda wasu baƙi suka kankare dutse suka rubuta sunayensu kusa da zanen. Ko taɓawa da hannu an hana, don maiƙon fata na lalata shi, balle kankarewa.

Azahar muka yi a ƙarƙashin rumfar cin abinci kusa da Atlatl Rock, inda aka kafa matakalar ƙarfe don a hau a ga zanen da ke can sama. Daga nan har la'asar ba mu sake taka rana ba. Mun zauna a cibiyar baƙi, inda wata ma'aikaciya ta ja mana kunne game da kwazazzabai: ko sama na wasai a kanka, ruwan da aka yi a wani tsauni mai nisa na iya gangarowa ya cika su cikin mintuna. Da yamma, a hanyar White Domes, garken tumakin dutse ya tsallaka titi, duk motoci suka tsaya sai da na ƙarshensu ya haye.

Masu ziyarar yini dole su fita da faɗuwar rana, sai wanda ya kama wurin kafa tanti. Shi ya sa muka tsaya Elephant Rock a gurguje, muka fita ta ƙofar gabas wajen garin Overton. In Allah ya sake kai ni, wurin kwana zan fara nema, don in kama hanyar White Domes tun hantsi bai dubi ludayi ba.