TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Datsun ruwan goro

Assalamu alaikum. Satin jiya na ce yau zan ba da labarin yadda na samu takardun zama, to ku yi haƙuri, jiya da daddare Yaya ya kira ni kan maganar filin Inna, muna cikin magana sai ya ce wai ni ban taɓa sanin kan kasuwa ba. Ni? Tun jiya maganar wata tsohuwar Datsun da muka taɓa saye ni da shi ta hana ni barci, gara in rubuta in huta.

Kun san Baffa Allah ya ji ƙansa kayan da yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, tsofaffin tasoshin tagulla da takubba da likkafar doki, Turawa ne masu saye. Wata rana ina yaro na ɗauki wata tasa na dirje ta da toka da lemon tsami har tana ɗaukar ido, ina jiran a yaba min, sai mari. Ya ce "kai da tsohuwar zuma ake magani, wa ya ce ka goge min kuɗina?" Yaya yana zaune a wurin ranar, har dariya ya yi min. Ku riƙe wannan.

Aikinmu a Ohayo ta Amurka lokacin shi ne mu sayi motocin da suka yi hatsari a gwanjo, mu loda a kwantena, sai Kwatano ko Legas. Camry, Corolla, Highlander, ba ma kallon wani abu bayan su. Wata tsohuwa da nake kai wa asibiti idan ina tasi ita ta ce akwai motar marigayi mijinta a gareji, tana so a kwashe kafin ta sayar da gidan. Na ɗaga tampol ɗin sai ga Datsun 240Z ta 1972, ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci, fentin ruwan goro ya kwanta ya dushe, tayu sun zauna, ɓeraye sun yi gida a akwatin gaba. Amma da na kwanta na leƙa ƙasanta ba tsatsa, don a Arizona ta yi rayuwarta inda ba a cika zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara ba. Wanda ya san motar nan ya san tsatsa ce ke kashe ta, ƙasan ƙafar direba, mazaunin batir, ƙarfen da ke riƙe injin, gefen ƙofa ta ƙasa, duk nan nata lafiya lau. Lambar injin ta yi daidai da wadda ke jikin farantin bodi, silinda shida a jere, lita 2.4, kafireta biyu masu zagayen kai irin waɗanda ake so, ba masu faɗin kai na 1973 da kowa ke tsaki da su ba. Har da wata jakar leda cike da rasit na juyen baƙin mai tun daga farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne don mitar ƙirga nisan tafiyarta lamba biyar ce, tana kai 99,999 ta koma sifili, in ba takarda ba wanda zai yarda da kai.

Gaskiya lokacin ban san duk wannan ba, daga baya na koya, da tsada. Abin da na sani kawai maganar Baffa, na ce Yaya mu wanke ta da ruwa da sabulu, mu tada injin, mu ɗau hoto mu sa a intanet yadda take. Ya ce "kai yaro ne, wa zai sayi akwala?" Kuɗinsa ne kashi biyu cikin uku, kuma yayana ne, sai na ja bakina.

Sati uku na tafi Baltimo kan wata kwantena da ta maƙale. Na dawo na tarar da mota ja wur. An kai ta wurin wani mai fenti na araha ya feshe har robar gilas, kujerun an yaye an sa wata leda mai ƙyalli, sitiyarin asali an cire an sa ƙarami na 'yan tsere, rediyonta an jefar, kafireta biyun nan an sauke wai suna wahalar saiti. Kuma abin haushin, shi da bakinsa kullum yake wa yaranmu na Kano faɗa kan fas bodi, wato fentin asali, ko Corolla ce in an taɓa fenti kuɗinta ya faɗi, ya san wannan sarai.

Muka sa ta a gwanjon intanet na kwana bakwai. Masu taya ba wanda ya ce kai ja ta yi kyau. Tambayarsu ɗaya, me aka ɓoye a ƙarƙashin fentin? A auna kaurinsa da na'ura a turo, a ɗaga kafet, a ɗau bidiyon tada injin da sanyin safiya, ina sitiyarin, ina kafireta. Wani dattijo ya kira ni a waya ya ce da ba mu taɓa ta ba da ninki biyu zai taya, don gyara kowa na iya yi da kuɗinsa amma fentin kamfani sau ɗaya ake yinsa. Wallahi kamar Baffa ne ya tashi yana Turanci. Minti biyun ƙarshe da ake cewa nan ake kokawa, kowace tayi tana ƙara lokaci, mu shiru kake ji. Da aka cire kuɗin fenti da kujeru da jan mota abin da ya rage min bai kai ribar Camry biyu ba.

Janairun 2020 ina kwance sai ga labari, wata 240Z ta 1971 koriya, ba a taɓa gyara ta ba, mil dubu 21 da 'yan kai, an sayar a shafin gwanjon motoci na Bring a Trailer dala 310,000. Motar da sabuwarta dala 3,500 da ɗoriya ce. Ban ce tamu za ta kai ko kusa ba, tamu ta sha tafiya kuma fentinta ya ƙone da rana, kar wani ya je ya ce na ce. Na dai tura wa Yaya hoton, ya buɗe, bai ce komai ba sai washegari ya turo min addu'ar Juma'a.

Da na je gida bikin autarmu na so in tada maganar gaban Inna, ta ce "bari, yayanka ne." Haka aka ce min ranar tasa, haka aka ce min ranar mota, yanzu kuma ga fili. Da tsohuwar zuma ake magani, shi ya fi ni jin wannan a bakin Baffa don ya girme ni da shekara tara.

Kafireta biyun suna nan wurina, na tsince su a kwandon shara na bayan shago na naɗe a tsohon bargo. Ya ce in sayar mu raba, na ce albarka. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu sai maganar takardun.