Daga Stratford zuwa Kingsbury, kan sawun faifan Iron Maiden na farko

Ana yayyafi na sauka a tashar Maryland da ke gabashin Landan, na taka zuwa Cart and Horses. Mashaya ce, don haka lemo na saya kada a ga na zauna a banza. Masoya kiɗan heavy metal, mai ƙarar jita da ganguna kamar aradu, kan zo nan daga ƙasashe masu nisa, domin tana cikin wuraren da Iron Maiden suka fara wasa a 1976, bayan Steve Harris ya kafa ƙungiyar ranar Kirsimeti ta 1975. Hotunansu sun cika bango.

Ni dai wani ƙaramin faifan garmaho ne ya fito da ni, The Soundhouse Tapes. Waƙoƙi uku ne a kansa, waɗanda suka naɗa a wani situdiyo a Cambridge ƙarshen Disamba 1978, Paul Di'Anno na rerawa. A lokacin babu kamfanin da ya kula su. Harris ya ɗauki kaset ɗin ya kai wa Neal Kay, mai sa faifai a Bandwagon, wani gidan rawa a Kingsbury, can arewa maso yammacin birnin.

Can na nufa. Daga Stratford na shiga jirgin layin Jubilee, muka ratsa ta ƙarƙashin Westminster da Baker Street, muka fito sarari a Finchley Road. Ana wuce Wembley Park sai Kingsbury. Tafiya ce mai gajiyarwa ko a zaune, kusan daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan.

Kingsbury ta yau unguwar kantunan Indiyawa ce, ga kayan miya, ga ƙamshin yaji. Bandwagon ya daɗe da rufewa. Amma a nan ne Kay ya riƙa sa kaset ɗin, matasa suka dinga neman waƙar "Prowler" har ta hau saman jerin waƙoƙin gidan da jaridar Sounds ke bugawa. Laƙabin gidan, Soundhouse, shi ne ya zama sunan faifan.

Ranar 9 ga Nuwamba 1979 Iron Maiden suka fitar da shi da kansu, kwafi 5,000 kacal, akasari ta gidan waya ake aikawa. Kafin a ankara ya ƙare. Manyan kantuna suka nemi dubbai, manajansu Rod Smallwood ya ƙi, a kan cewa na waɗanda suka bi su tun ba su da suna ne. Mai yiwuwa akwai dabarar kasuwa a ciki, tunda babban kamfanin faifai na EMI na bakin ƙofa. Duk da haka ƙin kuɗi a lokacin da kake nemansu ruwa a jallo ba ƙaramin abu ba ne.

Yau na asali yakan kai ɗaruruwan fam, jabu kuma sun cika kasuwa. Da na leƙa wani kantin tsofaffin faifai a hanyar komawa masauki, ko tambayarsa ban yi ba.