Abin da Kogin Kaduna ya gyara mini a zane

Aikina na shekarar ƙarshe a karatun tsara birane shi ne in zana wurin shaƙatawar jama'a a filin wata tsohuwar masana'anta kusa da Kogin Kaduna, ta wajen Kakuri. Yankin masaƙu ne. Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, da yawa daga cikin sauran kuma suka bi sahu, aka bar dogayen rumfuna da tsatsa.

Zanen farko da rani na yi shi, lokacin da ruwa ya janye duwatsu suka fito. Na shimfiɗa hanyar tafiya daf da ruwa, na jera kujerun siminti, har da lambun mangwaro da gwaiba. Da na nuna wa wani dattijo mai noman rani a gefen filin, tsohon ma'aikacin sashen rini, sai ya ɗora yatsa a kan kujerun ya ce, "Ɗana, ka dawo a watan Agusta ka ga inda za su kwana."

Na koma. Wurin kujerun ya zama kogi, ruwa ja jawur yana jan rassa. Baba ya kuma kai ni bakin tsohuwar kwata, ya tona da fartanya: ƙasar baƙa ce, tana warin magani. Shekara da shekaru ruwan rini ya bi nan. Wa zai so 'ya'yansa su tsinki gwaiba a irin wannan ƙasa?

Sai na sake komai. Hanyar ta hau tudu, bayan iyakar ambaliya. Gaɓar na bar wa ciyawar jema, domin saiwarta na nutsewa ta riƙe ƙasa. Maɗaci ya maye gurbin itatuwan marmari, kuma na rubuta cewa kada a dasa komai sai an gwada ƙasar. Abin da ya fi damuna shi ne zanen farko ya kori masu wanki da masunta ba tare da na lura ba, alhali sun riga ni sanin wurin. Na yi musu matakala mai faɗi har cikin ruwa, da fili na shanya.

Rumfa ɗaya na hana a rushe. Baba ya ce a cikinta ya karɓi albashinsa na farko, don haka na mayar da ita inuwar masu sayar da abinci, da wurin alwala a gefe.