Mako Uku da Awartaki a Adire

A watan Janairun 2024 na rufe ɗakin duba marasa lafiyata da ke Kano, na bi wata ƙungiyar agaji zuwa gabashin Chadi domin aikin sa kai a matsayina na likitan haƙori. Daga Injamena ƙaramin jirgin Majalisar Ɗinkin Duniya mai jigilar ma'aikatan agaji ya kai mu Abeshe, tsohuwar hedikwatar Wadai, daga nan kuma muka hau mota, muka bi ta Farshana, inda sansanin 'yan gudun hijirar Darfur yake tun 2004, har muka isa Adire da ke bakin iyakar Sudan. Wannan ita ce hanyar da kakanninmu suka riƙa bi a ƙafa zuwa Makka, sai ga shi yanzu jama'a ta juyo da baya: tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, mutanen Janaina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma a Sudan, galibinsu 'yan ƙabilar Masalit, suke ta kwararowa bisa jakuna da amalanken doki.

Asibitin nawa tanti ne, kujerar roba ce gadon aiki, fitilar goshi kuma ita ce hasken da nake leƙa baki da shi. Babu injin huda haƙori, babu na'urar ɗaukar hoto, kayan aiki kuwa a tukunyar matsin tururi muke dafa su bisa gawayi, wanda hakan ya sa idan awartakai suka ƙare dole layi ya tsaya sai tukunya ta huce. A makaranta an koya mana cewa cire haƙori shi ne mataki na ƙarshe, amma a Adire da shi nake buɗe rana, domin wanda ya yi wata shida yana cusa kanumfari a kogon turminsa, har kunci ya kumbura ya tara mugunya, ba ciko yake nema ba, barci yake nema.

Na lura cewa bakin tsofaffi ya fi na matasa lafiya. Dattijon da ya saba da asuwaki sau biyar a rana yakan zo da haƙora a goge duk da dasashi ya ja baya, alhali kuwa shayin da ake zabga wa sukari, wanda sau da yawa shi ne karin kumallon gida gaba ɗaya, ya cinye turamen yara. Ban iya buɗe baki na hana su shayin ba. Mutumin da ya bar gidansa yana ci da wuta ba ni ne zan yi masa wa'azi a kan sukari ba.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda aka kawo wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha biyu, kakanta na riƙe da hannunta. Ina faɗa wa tafinta abin da na gani, sai na yi suɓul da baka na ce da Hausa, “Kai, wannan bai kai a cire ba.” Tsohon ya ɗago kai ya ce da ni cikin wata Hausa mai ƙamshin Larabci, “Ɗana, daga ina?” Ashe jikan alhazan ƙafa ne waɗanda guzuri ya yanke musu a Darfur suka zauna. Na kankare ruɓar da ɗan cokalin hannu, na kwaɓa garin ciko mai sakin fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, na danna shi da yatsa, dabarar da aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980 saboda wuraren da babu lantarki. Minti ashirin aikin ya ci, lokacin da zai ishe ni cire haƙora uku, kuma na san akwai masu jira a rana, amma turmin dindindin ne, idan ya fita ba zai sake tsirowa ba.

Makon ƙarshe na ƙarar da shi wajen koya wa wasu ma'aikatan jinya biyu, su ma 'yan gudun hijira, yadda ake allurar kashe zafi da wannan ciko na hannu. Na bar musu awartakai da fitilar goshina. Da asubar ranar da za mu koma Abeshe, tsohon nan ya tare motarmu da ƙullin asuwaki guda bakwai, ya ce in kai wa mutanen Kano, in gaya musu 'yan'uwansu na gabas suna gaisuwa.