Dashen bishiyar tut da yadda ake tsare yaɗuwarta

Tut, wadda wasu ke kira malberi, ba ta da wuyar ganewa. A reshe guda za ka tarar da ganye mai siffar zuciya da wani mai tsage-tsage, kuma in ka tsinke shi sai farin ruwa ya fito kamar na tumfafiya. Saiwarta rawaya ce. Kada launin 'ya'yan ya ruɗe ka: farar tut, 'yar asalin ƙasar Sin wadda ake ciyar da tsutsar siliki da ganyenta, tana iya yin 'ya'ya baƙaƙe. Ganye nake dubawa don bambance ta da baƙar tut, wadda iri ce daban. Na farar yana da santsi da sheƙi, na baƙar kuwa kaushi gare shi.

Da reshe nake dasawa, a farkon damina. Nakan zaɓi wanda ya ƙosa, mai kaurin fensir, in yanka santimita 20 zuwa 25 mai ido uku ko huɗu, in binne kashi biyu cikin uku a ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki. Daga mako biyu zuwa uku sai toho. A nan na fi yin asara: toho yakan riga saiwa fitowa, wanda ya yi gaggawar cirewa ya dasa sai ya kashe shi. Yanzu sai bayan wata biyu nake taɓawa. Ɗanyen taki yana jawo gara, yawan ruwa yana ruɓar da gindi, awaki kuma ba sa barin ganyen in ba a killace ba.

Saiwarta tana bin danshi, don haka ba na dasa ta ƙasa da mita 10 daga katanga, rijiya ko sokawe. Tsuntsaye ke baza irin, sai ka ga tsiro a gindin shinge. Cire shi tun yana ƙarami, domin kututturen da aka sare yakan sake toho da rassa masu yawa; sai an tono shi.

Wadda nake gargaɗi a kanta ita ce 'yar uwarta, tut ɗin takarda, mai gashi-gashi a ganye. An shigar da ita Gana a 1969 don yin takarda, yau ta mamaye dazuzzuka da gonaki, tana tsirowa daga saiwa duk inda aka sare ko aka ƙone. In an ba ka reshenta, kada ka karɓa.