Gaggawa ce ta kayar da Joshua

Har yau in zancen dambe ya taso a majalisarmu ta Jekadafari, nan Gombe, sai an koma daren 1 ga Yuni, 2019, da Andy Ruiz ya buge Anthony Joshua a Amurka, ya ƙwace kambunan hukumomin damben duniya na WBA, IBF da WBO. Baffana ya ce raini ne. Wai Joshua ya ga gajere mai tumbi, wanda aka ɗauko a ƙurarren lokaci bayan an kama Jarrell Miller, wanda da shi ne Joshua zai kara, da maganin ƙara kuzari, sai ya saki jiki.

Na ce, Baffa, Allah ya ja kwana, ban yarda ba. Ai a turmi na 3 Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa. Maimakon ya ja baya ya tsare shi da dogon hannunsa, sai ya afka ciki don ya gama da wuri, alhali a kurkusa hannun Ruiz ya fi sauri. Naushin hagu ya sami Joshua gefen kunne, ƙafafunsa ba su sake daidaita ba har alƙali ya tsayar da wasa a turmi na 7. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Da suka sake karawa a Saudiyya, watan Disamba na shekarar, Joshua ya tsaya nesa-nesa turmi 12, ya karɓe kambunansa da maki.